Ranar da Na Yabi Guntu

Karatu ɗaya na taɓa yi a duniya, kuma a gaban uwata na yi shi: abin da ranki ke so, kada ki kuskura bakinki ya nuna. Ki juya shi, ki taɓe baki, ki nemo masa aibu ko da a ƙarƙashinsa ne, sannan ki tambayi kuɗinsa kamar mai yi wa mai kaya alfarma. Na riƙe karatun nan hannu bibbiyu. Marigayi mijina ma, ranar da ya fara zuwa wurina, ce masa na yi kunnuwansa sun yi wa kansa yawa. Muka zauna lafiya har ya koma ga Allah, bai taɓa jin na ce riga ta yi masa kyau ba.

A gabana Mai Roba ake kirana, don sana'ata ke nan: baho, bokiti, kofuna, rariya, tsintsiya. Ko a nan ba yabon kayana nake yi ba, na mutane nake kushewa. In na hango tsohon bahon mace a ƙofar gida, sai in ce ko kare ba zai sha ruwa a cikinsa ba, kunya ta sa ta sayi sabo. A bayan idona Baki-Wuta ne sunana. Na sani, kuma ban ga laifinsu ba.

Mijin nan nawa ya bar mini ƙane, mutumin da ba shi da ko ɗigon halina. Hakane ake ce masa. In ka ce masa yau rana ta yi zafi, ya ce haka ne. Wani ya biyo bayanka ya ce yau garin da sanyi, ya ce haka ne. An taɓa kiransa shaida a rigimar maƙwabta biyu kan magudanar ruwa, ya gaskata wannan, ya gaskata wancan, sai da su biyun suka haɗu suka kore shi. Mutane suna ganin wauta ce. Ni ma haka na gani.

Tun yana saurayi rabon burodi yake yi. Amalanke mai ƙafa biyu, akwatin katako mai murfi a kai, doki a gaba, shi kuma a zaune a gefe yana gaishe da kowa har da wanda bai amsa ba. Dawakai sun tsufa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu shi ne Guntu. Guntu ƙuru ne, irin dawakan nan da in ka gani sai ka ce an fara gina doki yumɓu ya ƙare. Bayansa bai wuce ƙirjina ba, ni kuwa ba doguwa ba ce. Ja ne mai farin goshi, ciki kamar randa, geza kamar tsintsiyar da ta gama aiki.

Da mai gidan burodin ya sayi mota, sai ya sallami Hakane, ya bar masa Guntu da amalanken a matsayin na gode. A lokacin matar Hakane ta rasu, ɗansa guda yana can nesa wurin aiki. Ya koma wani ɗaki a bayan shagon mai walda: katifa, buta, rediyon da ba ya magana sai an mare shi, da benci a waje. Guntu kuma a rumfar kwano a gefen tagarsa, yadda in ya miƙa hannu daga kwance zai taɓa hancinsa.

A wannan tsakanin ne wuyana ya ƙi. Likita ya ce in na sake ɗora kaya a kaina, kada in dawo masa. Ina zaune ina zagin likitan sai ga Hakane da ragama a hannu.

"Yaya, ga Guntu yana zaune yana cin banza, ke kuma ga wuya. Ki riƙa ɗaukarsa da safe, ki dawo mini da shi da yamma."

"Wannan? Ai na ɗauka akuya ce ta kumbura."

"Haka ne."

"Zai ja kayan kuwa, ko ni zan ja shi?"

"Haka ne, Yaya. Dusarsa dai a kanki. Kuma don Allah ban da bulala."

Bulala ban ga amfaninta ba tunda ina da baki. Na ɗaɗɗaure robobina a jikin amalanke, na mayar da akwatin burodin wurin ajiyar canji, muka fita.

Tun ranar farko na gane mugun halinsa. Dokin nan bai san an daina rabon burodi ba. Duk ƙofar da ya saba tsayawa, sai ya tsaya, ya kafe ƙafafu huɗu kamar an dasa shi. In yi tsaki, in ja linzami, in zagi uwarsa da kakarsa, ko kunne ba ya kaɗawa. Hayaniyar ce ke fito da matan gida. Su yi dariya, su taɓa wannan, su taɓa wancan, wata ta sayi kofi. Sai na buɗe akwatin na jefa kuɗin na rufe shi garam, sannan ran maigida Guntu ya yi sanyi ya ɗaga ƙafa. In kuwa babu kowa a gidan, sai na sauko, ina ja yana ja, kamar masu rabon gado.

Ba a daɗe ba zance ya bazu: dokin Mai Roba ba ya barin ƙofa sai an yi ciniki. Ni dai na san ciniki ya buɗe, kuma na san dalili. Bakina ne. Wa zai gaya mini wani abu daban?

Kullum da yamma Hakane yana kan bencinsa da buroshi a cinya. Ba ni yake fara gaisarwa ba.

"Sannu, mutumina. Ya hanya?" Ya ɗaga kofatansa ɗaya-ɗaya yana cire tsakuwa.

"Ka tambaye ni mana, ni da na sha wahalarsa. Yau a gaban asibiti ya kunyata ni."

"Haka ne."

"Ci kamar gara, tafiya kamar hawainiya."

"Haka ne, Yaya. Sai da safe."

Haka muka yi shekaru. Na aro, na mayar, na kushe. Ban taɓa tunanin abin zai canja ba, don abin aro yana da wani daɗi: naka ne da rana, na wani ne in ya yi tari.

Sai idon Hakane ya fara hazo. Wata rana ya yi tuntuɓe da ƙarfen mai walda ya fasa goshi, ɗansa ya zo ya ce ya isa haka, zai tafi da shi. Yaron a saman bene yake zaune da iyalinsa, doki kuwa ba ya hawa bene.

"Yaya, Guntu zan sayar," in ji Hakane. "Ke ce a gaba. Ki yi shawara."

Kyauta bai ce ba, kuma da ya ce da ban karɓa ba. Tsohon da zai zauna a gidan suruka gara ya tafi da abin sayen sabulunsa a aljihu.

Autata tela ce, tana leƙo ni in ta tashi daga shago. Da ta ji zancen sai ta ajiye jakarta ta zauna, alamar wa'azi.

"Inna, aro daban, mallaka daban. Yanzu in ya yi ciwo, ki mayar wa mai shi. In ya zama naki, ke ce likita, ke ce mai kwashe kashi, in ya mutu ke ce mai neman masu haƙa rami. Shi tsoho, ke tsohuwa, amalanken ya girme ku duka. Ki zauna ki huta, mu ba mu gaza ba."

"Wa ya ce miki so nake? Ko a kyauta aka ba ni sai na yi tunani."

Ta tashi za ta wanke hannu, ta leƙa bayan ɗakin girki.

"Inna, wannan sabon turken fa?"

"Na shanya ne."

"Shanya a turken da bai kai gwiwa ba?"

"Ƙananan kaya nake shanyawa. Ki fita idona."

Amma maganarta ta zauna mini, don ba ƙarya ta yi ba. Ba dusar ce ta dame ni ba, ba kashin ba. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, ba na marmarin sake sa raina a kan wani abu mai numfashi. In na riga shi tafiya, wa zai cire masa tsakuwa a kofato? In ya riga ni fa? Ina shara ina saye a raina, ina wanke-wanke ina fasa sayen. A ƙarshe abin da ya yanke mini shawara ba hankali ba ne. Da safe na je ɗaukarsa, ya sa hanci a hammatata yana neman ɓawon kankanar da nake ɓoye masa, ya bar mini yawu a mayafi. Na ce masa ƙazami, na kuma san na saya.

Da yamma na zauna a bencin Hakane, abin da ban saba ba. Na ce ya faɗi kuɗin. Ya faɗa. Kuɗin da ko tunkiya mai kyau ba zai saya ba. Da mai hankali ce ni, da na kwance bakin zane na miƙa masa kafin ya sake numfashi. Amma karatun uwata ya motsa.

Na tashi na zagaya dokin. Na buɗe bakinsa na ce haƙoran sun ƙare, nan da baɗi sai an riƙa dama masa. Na ce ƙafar baya tana ɗingishi. Na ce idon hagu ya mutu, na dama yana jinya. Na ce numfashinsa kamar zugazugi, bayansa ya lotsa, taurin kansa ya ja mini hawan jini, kuma shekarun nan duk haƙuri nake yi da shi saboda zumunci. Ban taɓa yin kushe mai kyau irin na ranar ba. Har mai walda ya kashe injinsa yana saurare.

Hakane ya sunkuyar da kai.

"Haka ne," ya ce a hankali. "Ashe cutarki nake ta yi, Yaya, kina rufa mini asiri."

"To, ka rage wani abu mu rufe zancen."

"Ba zan sayar miki ba."

Na ɗauka kunnena ne.

"Matar yayana guda, in ɗaura mata gurgu, makaho, mai sa hawan jini? Me zan ce masa in mun haɗu? Daga yau ma kin huta, ba sai kin zo da safe ba. Mai bulo ya taya shi kwanaki, ya ce ɗan yashi kaɗan zai riƙa ja masa. Jibi zai zo."

Mai bulo! Na san jakunansa a da, kafaɗunsu duk gyambo, ƙudaje na binsu kamar masu bin bashi. Yashi kaɗan a bakin mai bulo shi ne abin da zai karya bayan raƙumi.

"Kai, Hakane, ciniki fa muke yi. Ba ka san ciniki ba?"

"Haka ne, ban sani ba. Sai da safe, Yaya."

Ya ja dokinsa ya shige rumfa. Aka bar ni tsaye da robobina a ƙasa, mai walda yana ta goge ƙarfen da ba ya bukatar gogewa.

Na aika Auta ta saya da sunanta. Ya ce mata ai dokin da bai dace da uwa ba, ba zai dace da 'ya ba. Ta dawo tana dariya har da riƙe ciki. Na ce duniya ba ta ƙare a kan ƙuru ba, washegari na ɗauki hayar mai baro, wani ƙato mai yawan tambaya.

"Ina muka nufa, Inna?"

Na dubi gabas, na dubi yamma. Shekarun nan duk ni ce a kan amalanke, ashe ba ni ce direba ba. Layin na sani, amma wace ƙofa ce ke da mai saye, wace ce ta masu kare, ban taɓa riƙewa ba. Muka yi ta gararamba. Na yi kira har muryata ta dushe, ba wadda ta leƙo. Da ƙyar matar mai gyaran agogo ta fito zubar da ruwa.

"A'a, Mai Roba! Ina mutumin?"

"Wane mutum?"

"Guntu mana. Mu ƙarar kofatonsa muke ji mu fito. Ni tsakani da Allah, bahon da ke ɗakina ya ishe ni har jikoki. Tausayinsa ke sa ni saye, in na ga ya kafe a rana kina zazzaga masa."

"Wato ba bakina ba ne?"

"Bakinki? Bakinki ai shi muke biya a ɗauke mana daga ƙofa."

Rariya ɗaya na sayar ranar, ita ma mai baron ne ya saya wa matarsa.

Da gari ya waye na riga mai bulo isa, amma da kaɗan. Ya zo da igiya a hannu, girarsa fara fat da siminti. Hakane ya fito da Guntu, ya goge shi har yana ƙyalli. Ɗansa yana ɗaure katifa. Mai walda ko kunna inji bai yi ba, ya jawo kujera.

"Yaya, kin zo sallama?"

"Na zo dai. Dokin nan..." Na gyara mayafi. "Dokin nan ba shi da laifi sosai."

"Kin ce haƙoransa sun ƙare."

"Ya fi ni haƙori."

"Ƙafar bayan fa?"

"Ba ɗingishi ba ne. Yanga ce."

"Idon hagu?"

"Idon hagun nan ya ga abin da nawa biyu ba su gani ba. Ranar da ruwa ya shafe titin bayan kasuwa, ya ƙi wucewa, na zage shi tas. Da ruwan ya janye, sai ga kwalbati a buɗe, ramin da zai haɗiye mu da amalanken. Ban gaya maka ba."

"Ba ki gaya mini ba."

"Kuma ranar da jiri ya ɗebe ni a hanya, ban san inda kaina yake ba, shi ya kawo ni ƙofarka a hankali, ko bokiti ɗaya bai faɗi ba. Na ce maka barci ne."

Mai bulo ya gyara tsayuwa. "To, in haka dokin yake, na ƙara a kan abin da na taya."

"Wa ya sa da kai? Kuma dokin nan bai taɓa harbin yaro ba, yara har ta ƙarƙashin cikinsa suke wucewa."

"Na sake ƙarawa," in ji mai bulo.

Ka ji fa. Ni da na ƙare rayuwata ina karya farashi da baki, yau bakin ne ke ɗaga shi, kamar mai hura wutar da ke cin zanenta. Kuma na kasa tsayawa. Yabon da na tara tun zamanin mijina ya ɓalle kamar madatsar ruwa, har na ji ina cewa gezarsa tana da kyau. Gezar nan!

Hakane ya ɗago kai ya dube ni da idanun nan nasa masu hazo.

"Yaya, wacce zan ɗauka? Maganar shekaranjiya ko ta yau?"

"Ka ce haka ne mana, kamar yadda ka saba!"

"Ba za su zama haka ne duka biyun ba."

Mutumin da ya gaskata maƙwabta biyu a kan magudana ɗaya, yau ni ya zaɓa ya fara musu da ni.

"Ta yau," na ce. "Ina son dokin nan. Ka ji? Ina son shi. Mai walda, ka ji kai ma, ko in maimaita maka ka kai wa matarka da zafinsa?"

Hakane ya sa mini ragamar a hannu. Ya ce in ba da abin da ya faɗa tun farko. Na ce Allah ya kiyaye a ce mai bulo ya fi ni sanin darajar dokina, abin da ya taya na ƙarshe shi zan biya, kuma kada wanda ya rage mini ko ƙwandala.

"Haka ne," in ji Hakane.

Mai bulo ya tafi ba ko ɓacin rai, yana kaɗa igiyarsa. Sai a lokacin na lura igiyar shanya ce, ko zakara ba za ta riƙe ba. Daga baya Auta ta ce mini mutumin ya daɗe da rabuwa da jakuna, mota ke kawo masa yashi, kuma kusan kullum a bencin Hakane yake hirar yamma bayan na tafi. Ban tambayi kowa komai ba. Akwai amsar da tsohuwa ba ta bukatar ji.

Kafin su shiga mota, Hakane ya ba ni buroshin, ya nuna mini yadda ake ɗaga kofato ba tare da an tsorata shi ba. Ya dafa akwatin burodin.

"Kin dai san murfin nan, ko?"

"Me ya samu murfin?"

"In na miƙa burodi na rufe akwati, ƙarar ce ke gaya masa an gama da gidan. Ita yake jira. Ko an saya ko ba a saya ba, in kika buga murfin zai tafi."

Na dube shi, na dubi dokin. Na tuna duk ranakun da na sauko a rana ina ja yana ja.

"Shekara da shekaru, Hakane! Me ya hana ka gaya mini?"

"Ba ki tambaya ba, Yaya. Kuma na ga cinikin yana tafiya."

Ya shafa farin goshin nan, ya ce masa wani abu a kunne wanda ban ji ba, ɗansa ya riƙe hannunsa ya sa shi a mota.

Matan layi har yanzu sun yarda dokin Mai Roba ba ya barin ƙofa sai an yi ciniki, kuma ba daga bakina za su ji wani abu daban ba. Guntu yana kwana a turken shanyata. Auta ce ke kawo masa ɓawon kankana yanzu, tana cewa hanya ce ta biyo da ita.

Abu ɗaya ne bai daina ba. Da yamma in mun juyo gida, sai ya ratse ta bayan shagon mai walda, ya tsaya a ƙofar ɗakin nan. Tsofaffin ƙarafa ne a ciki yanzu, bencin ma an ɗauke. Ya kafe, ya miƙa kunnuwa wajen tagar. Mai walda ya leƙo ya ce, "Inna, ki buga masa murfin mana."

Nakan ce masa ya kula da waldarsa. Hannuna yana kan murfin. Ba sauri nake yi ba.